Faretin da ke bayan labule

Kakana na wajen uba ɗan mazan jiya ne, ya yi yaƙin Boma. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, cikin abin da ya faɗo wa mahaifina har da wata tsohuwar adaka. A cikinta akwai lambobin yabo biyu, da jar dara wadda asu ya gama da ita, da wani gwangwanin taba mai ɗauke da ƙananan sojoji guda bakwai. Ko wanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, baƙaƙen fata, sanye da kaki da jar dara, bindiga a kafaɗa. Bayan ya dawo daga yaƙi kakan namu ya yi wa wani Bature masinja a bariki, da Baturen zai koma gida sai ɗansa ya bar masa su.

Muna yara a Ƙofar Guga ba mu san darajarsu ba. Mukan jera su a zaure, mu kawo dawakan laka da muka gina da hannunmu su kai musu farmaki. Ni na karya wuyan ɗaya, na soka tsinken ashana na mayar da kan don kada Baba ya gani. Abin da kawai na sani shi ne muna kiransu "su Kaka", don mun ɗauka hotonsa ne da na abokansa.

Sai da na girma, na fara koyar da tarihi a makarantar sakandare, sannan wata rana na juya ƙasan ɗaya na ga rubutu: Britains, da shaidar cewa a Ingila aka ƙera shi. Daren nan ban yi barci da wuri ba, ina ta bincike a waya. Ashe kamfanin dangin William Britain ne na Landan, waɗanda a 1893 suka fito da dabarar zuba narkakkiyar dalma a mazubi, a juya, a tsiyaye ta tsakiyar tun ba ta daskare ba, sojan ya fito da rami a ciki. Dalma kaɗan, kuɗi kaɗan, da haka suka karya kasuwar Jamusawa da ke kawo nasu masu nauyi. Na ɗauko nawa na duba, ga ɗan ƙaramin hujin da dalmar ta fita ta nan. Tsawonsu milimita 54, ma'aunin da har yau masu wannan harka suke bi. Kamfanin ya daina yin irin waɗannan na dalma a 1966, ke nan ko wanne a cikin gwangwanin nan ya girme ni.

A nan ne kuma na sha ɗan takaici. Sojojin nan ba su Kaka ba ne. Na rundunar King's African Rifles ne, ta su Kenya da Yuganda. Kakana yana cikin rundunar Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, wadda runduna ta 81 da ta 82 da suka je Boma suka fito daga cikinta. Su ne Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je ya gano har can bayan ya hau karaga a 1944. Kayan faretinsu akwai 'yar shara ja da jan ɗamara a kan kaki. Kakin da jar darar ne kawai suka haɗa su da sojojin nawa.

Wannan takaicin ne ya kai ni ga ɓarnar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Na ce tun da ba su Kaka ba ne, bari in mayar da su su Kaka. Na sayi fentin mai ja, na samo siririn burushi, na kankare guda uku da tina, na zana musu 'yar shara da ɗamara. Sun yi ƙyalli kamar sabon kwano, ni kuwa sai murna. Na ɗauki hoto na tura wa wani dattijo a Ingila da muka haɗu a intanet, wanda ya daɗe yana tara irinsu. Ya yaba hannuna cikin ladabi, sannan ya ce huɗun da ban taɓa ba su ne masu daraja, ukun nan kuwa na kashe su. Fentin asali, ko ya koɗe ko ya ɓamɓare, shi ake nema, don da hannu ma'aikatan kamfanin suka shafa shi, kuma da shi ake gane shekarun abu. Har mai wuyan ashana ya fi masu sabon fentin a wurinsa, wai yaran can ma haka suke yi idan sun karya kai. Garin gyaran gira na rasa ido.

Daga nan cutar ta kama ni sosai. Na dalma ba a samunsu a nan sai da rabo, amma na roba suna shigowa cikin dilar kayan wasan gwanjo. Duk ranar Asabar sai in bi masu baza kayan wasa a ƙasa, in tsuguna ina tona tsakanin 'yan tsana marasa hannu da motoci marasa taya. Wani mai gwanjo ya saba da ni har yana ware mini. "Malam, yau ma 'yan yaƙin naka ka zo nema? Wai yaran naka ba sa gajiya da su?" Ban taɓa gaya masa ba na yara ba ne, don ranar da ya sani ranar kuɗin zai ninka.

Tonon nan ya koya mini duba ƙasan abu kafin fuskarsa. Mafi yawan abin da za ka samu korayen sojojin nan ne da ake sayarwa a leda, ko kwaikwayon da aka riƙa yi a Hong Kong, fuska a dagule, gefe duk tsiron roba. Amma jefi-jefi sai ka ɗaga ɗaya ka ji ƙasansa da nauyi da sanyi, jiki roba, dandamali ƙarfe. Wannan shi ne Deetail na Britains, da suka fara a 1971. Na farko da na samu na ga 1971 a ƙasansa na ɗauka shekarar da aka yi shi ke nan, ashe shekarar rajistar samfurin ce, an ci gaba da buga ta a kan na baya. Akwai na Timpo, waɗanda kai da gangar jiki da ƙafafu suke cirewa a musanya, shi ya sa da wuya ka samu wanda kansa nasa ne. Akwai ƙananan Airfix da ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Sau ɗaya tak na samu na Jamus, Elastolin, wanda a da ake kwaɓa garin katako da gam a ɗora a kan waya. Ya tsage daga kafaɗa zuwa ƙugu, wayar ta yi tsatsa a ciki, amma na saye shi ban yi ciniki ba.

Idan bindigar na roba ta lanƙwashe, a tsoma ta a ruwan zafi, a miƙe, a tsoma a na sanyi, sai ta tsaya. Amma kada a gwada da wanda robarsa ta tsufa ta bushe, ƙas za ka ji. Na yi asarar biyu kafin na gane.

Da suka kai wajen sittin sai na ce lokacin jere ya yi. Na sa kafinta ya yi mini shogilas na filawud, ya sha gam da banish, na kafa shi a falo daura da taga. Maiɗakina ta tsaya ta kalla ta ce, "Malam, ni da aka yi wa jere ban samu irin wannan ba." Muka yi dariya.

Hajiya, mahaifiyata, ba ta yi dariya ba. Ranar da ta zo ta gansu ko zama ba ta yi ba. "Kai yanzu da girmanka, da iliminka, ka jera gumaka a inda ake salla? Mala'ikun rahama ta ina za su shigo maka?" Na ce, "Hajiya, ai na Kaka ne." Ta ce, "Shi a gwangwani ya ajiye su."

Maganar ta tsaya mini a rai, na je wurin malamin da muke ɗaukar karatu bayan magariba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ga abin da ke tafe da ni." Bai yi mini tsawa ba. Ya kawo hadisin Nana A'isha da 'yan tsanarta, har da dokin nan mai fukafukai biyu da Manzon Allah (SAW) ya gani ya yi dariya. Sannan ya ce rangwamen da malamai suka fahimta a nan na wasan yara ne, babban mutum ya kafa masu siffar rai a falo don ado kuwa magana ce da da yawa suka tsananta a kanta. Ya ce in dai don koyarwa nake riƙe da su, in ɗauke su daga wurin salla da idon baƙi, in rufe. Ban ce na fita daga saɓanin malamai ba, kuma ba fatawa nake ba kowa ba. Abin da aka gaya mini ke nan, shi na bi.

Ranar da zan kwashe su na ga abin da ya tayar mini da hankali. Damina ta wuce a kansu cikin rufaffen shogilas, biyu daga cikin na dalma sun yi wani fari-fari kamar an barbaɗa musu toka, fentin ƙafa yana tashi. Dattijon nan na Ingila ya ce ita ce cutar dalma. Sabon katako da gam da banish suna fitar da tururi mai tsami, idan ya haɗu da laima a wurin da iska ba ta shiga sai ya ci dalmar ta zama gari. Abin da ya ci ya ci, sai dai a tsayar da shi. Ga rana ta taga ta sa jan fenti ya koɗe a gefe guda. Zafin bazararmu, ko ya haura digiri 40, ba ya narka dalma, sai ta kai digiri 327 take narkewa, amma yana gasa roba. Hunturu kuma ƙurarsa ba ta san rufaffen gilashi ba.

Garin nan fari shi ya fi ba ni tsoro, ba don sojojin ba. Duk wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba zai ga garin dalma a falon da ɗansa ke rarrafe ya yi barci ba. Na tuna yadda muke sa kawunan sojojin nan a baki muna yara, na ce Allah ne ya tsare. Yanzu na dalma suna ƙarƙashin makulli, ba mai taɓa su sai ni, kuma ina taɓawa nake wanke hannu da sabulu.

Masu aikin alminiyam suka yi mini wani ƙaramin akwati na gilashi zalla, da 'yan huji a sama. Na sa shi a ɗakin littattafaina, jikin bangon da rana ba ta kaiwa. Ina tara 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, in zuba a kusurwa, in canza idan damina ta kama. Ƙura kuma da busasshen burushi mai laushi nake share ta, ruwa ba ya kusantar na dalma. Shogilas ɗin katako ya koma wurin maiɗakina, ta jera tangaran.

Idan muka zo darasin yaƙin duniya na biyu nakan ɗauki na roba in kai aji, tare da jar darar Kaka a cikin leda. Yaran da ke hamma sai su miƙe, kusan kullum sai an samu wanda zai ce shi ma kakan babansa ya je Boma. Ukun da na yi wa fenti da hotonsu nake nuna yadda kayan rundunarmu suke, tun da dai abin da suka rage yi ke nan.

Labulen da ke gaban akwatin Hajiya ce ta ba ni shi, wani tsohon zanenta. Da ta zo Sallar bara ta leƙa ɗakin, ta ɗaga gefensa, ta daɗe tana kallon mai wuyan ashana. Ta ce, "Ashe kai ka karya shi. Yayanka aka daka."