Daɗewa a Saudiyya ba ta ba da zaman dindindin

Aikina a Jidda kula da takardun ma'aikata ne a wani kamfanin gine-gine: igama (wato katin izinin zama a ƙasar), lasisin aiki, inshorar lafiya, bizar fita da dawowa. Da yake ina jin Hausa, 'yan uwa kan biyo ni da tambayoyi, har waɗanda ba a kamfaninmu suke ba. Akwai tambayar da ba ta tasowa sai igama ta kusa mutuwa: "Malam, shekara ashirin ina ƙasar nan, babu yadda za a yi a ba ni zaman dindindin?"

Amsar ba ta da daɗin faɗa, musamman ga dattijon da ya girme ni. Mutanenmu suna jin labarin 'yan uwa a Ingila ko Kanada, inda shekarun aiki ke taruwa har su kai mutum ga zama na har abada, sai su ɗauka nan ma haka ne. A nan shekaru ba sa taruwa. Na ga waɗanda aka haifa a unguwar Hindawiyya, Larabcinsu ya fi Hausarsu, amma duk shekara sai an sabunta musu igama kamar wanda ya sauka jiya.

Zaman dindindin kam akwai shi. A 2019 aka fito da igama ta musamman wadda ba ta bukatar kafili, wato ubangidan da zaman baƙo ke ƙarƙashinsa: ta har abada riyal 800,000 ce biya ɗaya, ta shekara kuma riyal 100,000. A Janairun 2024 aka ƙara rukuni biyar a kan riyal 4,000, sai jama'a suka ji kuɗin suka manta da sharuɗɗan. Rukunin mai gida sai da gidan da ya kai riyal miliyan 4, na mai zuba jari miliyan 7, na ƙwararru kuwa albashi da takardun ilimi ake dubawa. Likita babba yana iya gwadawa. Direba ko mai walda, a ganina, gara a gaya masa gaskiya tun da wuri, kafin wani ɗan damfara ya karɓe masa ɗan abin da ya tara da sunan yana da hanya a Jawazat, ofishin fasfo da igama.

Ko wanda ya cancanta, nakan ce masa: Alhaji, nema daban, sabuntawa daban. Shigar da takardun nema ba ya tsayar da ranar mutuwar igama. Da ta mutu, asusun banki ya kulle, ga tarar riyal 500 a karon farko, 1,000 a na biyu, na uku kuma kora ce.

Abin da ya fi ceton mutane a hannuna shi ne sanin haƙƙinsu. Dokar ƙwadago ta ɗora kuɗin igama da lasisin aiki a kan mai kamfani, har da tarar jinkiri, amma da yawa daga aljihunsu suke biya don kunya ko tsoro. Tun gyaran da ya fara aiki a Maris 2021, ma'aikacin kamfani na iya canja wurin aiki ta Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, bayan shekara guda ba sai kafili ya yarda ba, haka ma idan an bar igamarsa ta mutu ko an hana shi albashin wata uku a jere. Gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba; su nasu tsarin daban ne.

Mai iyali nauyinsa ya fi. Kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinsa riyal 400 ne a wata, kuma igama ba za ta sabuntu ba sai an biya. Mai mata da 'ya'ya huɗu riyal 24,000 ke nan a shekara. Irin su nake fara kira wata uku kafin lokaci, mu buɗe Absher, manhajar gwamnati ta harkokin igama, tare, mu duba ko sabuntawar wata uku-uku za ta fi musu sauƙi.