Layina ya daina rawa a bakin layin dogo

Wata huɗu ke nan da na fara koyon zane, kuma har watan jiya ban taɓa jan layi guda daga farko zuwa ƙarshe ba tare da na ɗaga fensir ba. Sai dai karce-karce, guntu bisa guntu, layin ya fito da gashi-gashi kamar tsohuwar igiyar guga. In ya karkace in ɗauko kilina. Akwai shafin da na goge har takardar ta huje.

Ƙanwata ce ta gano ciwon. Ita lalle take zana wa amare. Ta tsaya a kaina tana kallo, can ta ce, "Yaya, wai tsoron takardar kake ji ne? Mu fa in lalle ya hau fata ya hau ke nan." Na ji haushi, ƙanwar bayana za ta koya mini sana'a. Amma washegari na jefa kilina a ƙasan akwati, na sayo biro da ƙunshin takardar fotokofi.

Abin da nake yi kullum bayan sallar asuba ba shi da wani armashi. In ɗiga ɗigo biyu nesa da juna, in kaɗa hannu a iska tsakaninsu sau uku ba tare da biro ya taɓa takarda ba, a na huɗu in ja. Idona yana kan ɗigon da zan je, ba kan bakin biro ba. Motsin kuma daga kafaɗa yake fitowa, don wuyan hannu baka yake lanƙwasawa, shi ya sa dogon layi yake karkacewa. In ya kauce, ya kauce, ba na binsa da gyara.

Sai dai layi miƙaƙƙe bai hana zanen unguwarmu fitowa kamar an yi girgizar ƙasa ba. Shagunan duk sun kife kan juna. Na karanta ƙa'idar nisa da kusa, wato yadda abu yake ƙanƙancewa a ido in ya yi nisa, wadda mai tsara gine-gine Brunelleschi ya gwada a birnin Florence na Italiya a farkon ƙarni na 15, har na ci karo da sunan masani Ibn al-Haytham, wanda tun ƙarni na 11 a Alƙahira ya bayyana cewa haske ne yake shiga ido a miƙe daga abin da ake kallo. Na gane a takarda, hannuna bai gane ba.

Ran wata Asabar na tsaya inda hanya ta tsallaka tsohon layin dogo a nan Kano. Ƙarafan nan biyu tazarar ƙafa uku da rabi ce tsakaninsu, ko Legas za ka bi su ba za su haɗu ba. Amma ga su can sun matse sun zama ɗigo ɗaya, kuma ɗigon daidai tsayin idona yake. Na tsuguna, ɗigon ya sauko tare da ni. Na miƙe, ya tashi. Na yi haka ya fi sau biyar, har wani dattijo mai rake ya ce, "Malam, lafiya? Ko kuɗi ka yar?"

Da na koma unguwa sai na ga abin ko'ina. Duk abin da ya fi idona tsawo, kwanon shaguna da wayoyin lantarki, gangarowa yake zuwa ɗigon. Dakali da kwata, da suke ƙasa da ido, hawa suke yi. Yanzu kafin komai sai na ja layin ido, wato layi a kwance daidai tsayin idona, na saka ɗigon. Kuma a nan rawar hannuna ta ragu sosai, don kowane layi ya san inda za shi, daidai da wasan ɗigo biyun da nake yi da asuba.

Gidajen ƙasa na cikin birni har yanzu suna ba ni kashi. Katangarsu faɗi gare ta a gindi ta tsuke a sama, kusurwa a murje, ga zanko a kai. Na bar su tukuna, na koma kwalin ashana a kan tebur, wanda layukansa suke matsewa zuwa ɗigo biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Da farko na matso da ɗigon kusa da juna, kwalin ya fito da tsini kamar goshin kwalekwale. Yanzu takarda nake liƙawa hagu da dama don su samu nisa.

Jiya na nuna wa ƙanwata sabon zanen layinmu. Ta daɗe tana dubawa, ta ce layukan sun yi tsaf. Sannan ta ɗora yatsa a kan mai shayin da na saka can nesa.

"Amma Yaya, wannan ai ya fi shagonsa tsawo. Ta ina zai shiga?"

Na manta cewa a fili shimfiɗaɗɗe, in a tsaye na yi zanen, kawunan mutane masu tsayina duk a kan layin ido suke, ƙafafunsu ne kawai suke hawa. Da biro na zana shi, don haka haka zai zauna.