Sifili ɗaya da ya ci mini shekara

Har yau ban manta da tambayar da ta kayar da ni a jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya karo na farko ba, musamman da yake ba wata tambaya ce mai wuya ba. An ce likita ya rubuta giram 0.25 na wani magani, a mayar da shi miligiram. Na san giram ɗaya miligiram 1,000 ne, amma da na zo ninkawa sai na matsar da ɗigon gida biyu maimakon uku, na samu 25 a inda ya kamata in samu 250. Abin haushin shi ne 25 ɗin tana cikin amsoshin da aka jera a zaɓa, kamar domin irina aka ajiye ta, don haka na fito ɗakin jarrabawa ina murna.

Ba ita kaɗai ta kayar da ni ba, amma duk waɗanda na faɗi 'yan uwanta ne. Na bar sakandare da rauni a lissafi, kuma kiredit ɗin da na samu bayan na sake zama jarrabawa haddar tsofaffin tambayoyi ce ta ba ni shi. Da na tashi shiri, sai na ɗauka raunin nawa yana can cikin aljabara da lissafin kusurwoyi, na kwashe watanni ina fama da su, alhali ramin yana ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Gwaggona, wadda malamar firamare ce, ita ta gano shi cikin minti biyu. Ta miƙo mini takarda ta ce in raba 3 da 0.5, na rubuta 1.5 ba tare da wani tunani ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, rabi nawa ne a cikin uku?" Na ce, "Shida ne, Gwaggo," sannan na ji kunya ta lulluɓe ni. Ta ɗauko littafin 'yan aji biyar ta ajiye a gabana, ta kuma karɓe kalkuleta. Wata huɗu na yi ina rabawa da ninkawa da hannu, kuma ta kafa mini doka cewa kada in taɓa biro sai na fara ƙiyasta amsar da baki. Da na san wannan tun farko, da na ga cewa 0.25 rubu'i ne kawai, rubu'in dubu kuwa ba zai taɓa zama 25 ba.

A zama na biyu na ci, kuma da na shiga makarantar na tarar lissafin da ake bukata kullum shi ne wanda na raina. Idan maganin ruwa yana da miligiram 120 a kowace mililita 5, aka ce a ba yaro miligiram 180, mililita 7.5 za a auna. Idan za a yi ƙarin ruwa mililita 1,000 cikin awa 8 da robar da ke ba da ɗigo 20 a mililita, ana raba ɗigo 20,000 (wato 1,000 sau 20) da minti 480 da ke cikin awa 8 ɗin, a samu ɗigo kusan 42 a minti. Malamanmu ba sa yafe wa wanda ya rubuta .5 babu sifili a gaba, ko 5.0 da sifili a baya, domin idan ido ya tsallake ɗigon, marar lafiya zai sha ninki goma na abin da aka rubuta masa.

Waɗanda muka fara zama jarrabawar tare sun riga ni gamawa da shekara guda, kuma wannan yana ci mini rai har yanzu. Duk lokacin da na ga 0.25 a takardar magani, sai na ce "rubu'i" a hankali kafin in ɗauki sirinji.