Ƙofar mota ta kwantar da ni wata biyu

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta haura naira 500, na jingine mashin na kakkaɓe tsohon kekena. Daga Sharaɗa zuwa shagonmu da ke Zoo Road a Kano ba wata tafiya ba ce. Wata takwas ina yi lafiya lau, har na fara zuga abokai su ma su saya.

Kuskurena ɗaya ne: lafewa a gefe. A tunanina can ne mafaka. Ashe gefen ba namu ba ne, motoci ne a fake reras gaban shaguna, wani wurin ma sahu biyu. Abin da ya rage wa mai keke ɗan siririn lungu ne tsakanin motar da ke tsaye da Adaidaita Sahun da ke gudu.

Wata Talata bayan la'asar ina bin jikin wata baƙar mota mai baƙin gilashi, sai kawai ƙofar direba ta wangale a gabana. Ko birki ban taɓa ba. Kan keken ya daki bakin ƙofar, na wuntsila na faɗa cikin titi. Allah ne ya tsare, mai Adaidaitan da ke bayana ya taka birki, tayarsa ta tsaya kamu ɗaya da kaina. Har yau ina jin ƙaurin robar.

Mai motar dattijo ne. Ya fito yana salati, yana cewa, "Yaro, wallahi ban gan ka ba." Na yarda da shi, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Ya duba madubi, amma mota yake nema. Keke ba ya cikin lissafinsa.

Wuyan hannuna ya karye, sai da na yi wata biyu da ɗori. Duk don taku ɗaya da na ƙi matsawa.

Yanzu faɗin ƙofa guda nake bari tsakanina da duk motar da ke tsaye, fiye da mita ɗaya, ko da na baya zai kashe ni da hon. Idan na hango kan mutum a ciki, ko na ga fitilar birki ta mutu yanzun nan, sai in ƙara nisa. A Holan da hannun da ke nesa da ƙofa ake koya wa mutane buɗewa, don dole jiki ya juya a waiga baya. Ingila ma ta sa shi a ƙa'idojin hanya a 2022. A nan direba hagu yake zama, to da dama zai buɗe. Ko sisi wannan ba ya ci.

Mun sha musu da maigidana. Shi gani yake idan aka ware wa kekuna hanya a gefen, masu saye ba za su sami wurin fakin ba. Ni kuwa lokacin jinya na zauna bakin shago na ƙirga: motoci shida ne a layinmu, huɗu na masu shagunan ne, a tsaye tun safe har magariba. Kuma fenti kaɗai ba zai yi mana ba, ranar da aka ja layin za a faka a kansa. Sai da dakalin kankare.

Na koma kan keken. Amma da sanyin hunturu, in na matse birki, hannun sai ya amsa.