Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun da Muka Jira a Ɗaure Manya

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda aka dawo da ni Katsina da aiki bayan rasuwar mahaifina, na kama haya a Ƙofar Marusa, na ci gaba da sa kakin gandiroba. Yau zan shiga shekarun da suka fi sa ni buri game da ƙasar nan, kuma suka fi cin raina.

Wanda bai yi aikinmu ba yana zaton gidan yari cike yake da waɗanda alƙali ya yanke wa hukunci. Ba haka ba ne. A Najeriya wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke ciki masu jiran shari'a ne. Za a kama mutum da zargin fashi, a kai shi gaban majistare, majistare ya ce ba shi da hurumin sauraron irin wannan tuhuma, a tsare shi har a samu shawarar lauyoyin gwamnati. Daga nan fayil ya kwanta. Ni ke kulle su da yamma, ni ke ƙirga su da safe, don haka ba labari aka ba ni ba.

Akwai wani yaro daga wani ƙauye a yammacin Katsina da aka kwaso cikin kame bayan an tare hanya. Ya shigo ko gemu bai fara ba. Mahaifiyarsa takan zo ranar ziyara da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ta tsuguna gabana kamar ni ne alƙalin.

"Ɗan nan, don Allah yaushe za a kira shi kotu?"

"Inna, ki ƙara haƙuri, takardarsa ake jira."

"Wace irin takarda ce wagga da ba ta isowa? To, Allah na nan. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Mu ba mu da kowa."

Da wannan a zuciyata na shiga zaɓen 2015. Dattawan majalisarmu sun sha ba mu labarin 1984, lokacin da kotunan soja suka yanke wa tsofaffin gwamnoni shekaru masu yawa a zamanin Janar Buhari. Mu kuma mun ga abin da ya biyo baya. Mun ga kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhuma 170 da ake yi wa James Ibori, tsohon gwamnan Delta, a 2009, sai ga kotun Landan ta ɗaure shi shekara 13 a 2012. Mun ga an yi wa Alamieyeseigha, tsohon gwamnan Bayelsa, afuwa a 2013. A shekarar ne kuma aka ci wani babban jami'in fanshon 'yan sanda tarar naira 750,000 kan biliyoyin kuɗi, ya biya ya tafi gida. Ina da mutane a kulle waɗanda tarar dubu ashirin ta gagare su. Saboda haka ranar 31 ga Maris, da aka ce Jonathan ya buga waya ya amince da kaye, ni ma na fito titi. Daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Soro ba ka jin komai sai "Sai Baba!" da ƙarar babura. Abin da muke faɗa wa juna a daren nan ɗaya ne: yanzu ɓarayin gwamnati za su zo hannu.

Shiru ya yi yawa. Kullum rediyo na cewa EFCC ta gayyaci wane, ta gurfanar da wane, an ba da beli, an ɗage. Wani ya zo kotu a kan gadon asibiti, wani ya nemi izinin fita waje ganin likita. Gwamna mai ci kuwa ba a ma taɓa shi, sashe na 308 na tsarin mulki ya ba shi rigar kariya har ya sauka.

Sai azumin 2018. Ranar 30 ga Mayu, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta babbar kotun Abuja ta ɗaure Jolly Nyame, tsohon gwamnan Taraba, shekara 14. Ba a yi sati biyu cikakku ba, ranar 12 ga Yuni, ta yanke wa Joshua Dariye na Filato irin wannan hukunci kan kuɗin gyaran muhalli, alhali yana sanata mai ci, kuma ɗan jam'iyyar da ke mulki. Tun 2007 ake waɗannan shari'o'i. Shekara 11! Wani matashin lauya da ke zuwa taimaka wa fursunoni kyauta shi ya fahimtar da ni abin da ya canza. Ya ce dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a dakatar da shari'a don kawai wanda ake tuhuma ya ɗaukaka ƙara kan wani ɗan batu, dabarar da manyan lauyoyi ke yi su kai magana Kotun Ƙoli ta kwana shekaru kafin a saurari shaida ko ɗaya.

Ranar da aka ɗaure Dariye na shiga aiki da farin ciki, na faɗa wa yaron nan.

"Yallaɓai, gwamna fa ka ce? A ɗaki irin wanga?"

"A Kuje zai kwana."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe su ma ana kiransu kotu. To ni ma za a kira ni." Ba a kira shi ba. Ziyarar babban joji ta rage cunkoso ce ta fitar da shi daga baya, bayan an duba an ga ba wata shaida a kansa. Ya fita da gemu, ya tarar an aurar da yarinyar da yake nema.

Kotun ɗaukaka ƙara ta rage wa Dariye zuwa shekara 10, Nyame zuwa 12, Kotun Ƙoli ta tabbatar. Ban damu da ragin ba, tunda dai alƙalai ne suka yi shi a fili da dalilansu. Abin da ya karya ni ya zo ne a wani azumin, ranar 14 ga Afrilun 2022. Muna zaune bayan shan ruwa aka ce Majalisar Ƙoli ta Ƙasa ta amince da afuwa ga fursunoni 159, har da su biyun, wai saboda shekaru da rashin lafiya. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya taɓa sayar da ragonsa ya ba da gudummawar yaƙin neman zaɓe, ya ajiye kofin kununsa ya ce, "Malam, mi ya yi zafi? Mu da muka sha rana a layi, wannan za a saka mana da shi?" Ba wanda ya amsa masa.

Na san tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa, kuma yau Buhari yana kwance a Daura, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Amma ba zan ɓoye ra'ayina ba: wannan afuwar kuskure ce. In dai tsufa da ciwo ne mizani, na riƙe tsofaffi masu tarin fuka da ba a ma taɓa tabbatar musu da laifi ba, kuma sunansu bai isa teburin kowa ba.

Mu a Katsina muna da namu. A 2017 aka gurfanar da tsohon gwamna Ibrahim Shema kan zargin naira biliyan 11 na ƙananan hukumomi, ya musanta. A 2023 gwamnatin jiha ta janye ƙarar. Ban ce ya ci ba, ban ce bai ci ba, kuma nan ne ciwon yake. In yana da gaskiya, ya cancanci alƙali ya wanke shi a gaban duniya. In ba shi da ita, mun cancanci mu sani. Aka bar mu da gardamar majalisa, kowa da ɓangarensa.

Duk da haka ban daina sauraron labarin kotu ba, har matata kan ce, "Baban Hauwa, wai kai ba ka gajiya?" Ba na gajiya, don na ga abin da a da ake cewa ba zai yiwu ba. An ɗaure Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, shekara 8 a 2021 kan kuɗin 'yan fansho. Farouk Lawan, tsohon ɗan majalisar wakilai da aka ɗaure kan cin hanci, ya bi kotu har ta ƙoli bai yi nasara ba, sai da ya ƙarasa wa'adinsa a Kuje ya fito a 2024. Alƙalai ne 'yan ƙasar nan suka yi wannan, ba Turawan Landan ba. Akwai irinsu, kuma lauyan nan matashi har yanzu yana yawo da jakarsa yana tono fayilolin da suka kwanta.

Ana cikin haka takardar ritayata ta iso. Yadda na miƙa makullai, da yadda na fara bin haƙƙina na fansho, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.