Koyar da jimlar da ke ɓoye mai aiki a ƙaramar sakandare

Littattafan Turanci na ƙaramar sakandare sukan gabatar da darasin mayar da jimlar "active" (wadda ke farawa da mai aiki) zuwa "passive" (wadda ke farawa da abin da aka yi wa aikin) a matsayin ƙa'idar da za a haddace: a kai karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, farkon jimla, a sa "was" ko "were", a sauya siffar aikatau, sannan a kawo "by" kafin aikau, wato mai aikin. Yara sukan haddace tsarin su ci gwajin aji, amma da wuya ka ga irin wannan jimla ta zauna daidai a insha'insu, domin ba a nuna musu dalilin da zai sa mutum ya ɓoye mai aiki ba.

Alhali kuwa yaron da ya tashi da Hausa ya san wannan dalili sarai. Idan kofi ya kuɓuce masa a gida, ba zai ce "na fasa kofi" ba, sai ya ce "an fasa kofi", kuma kullum yana jin rediyo na cewa an kama, an rantsar, an ɗage. Saboda haka nakan fara da rubuta irin waɗannan jimloli a allo, in tambayi ajin wa ya yi aikin, kuma me ya sa ba a ambace shi ba. Daga nan sukan gane cewa mai cewa "They have stolen my biro" yana nufin "an sace mini biro" ne, kuma abin da yake nema shi ne "My biro has been stolen".

Inda harsunan biyu suka rabu shi ne wajen ambaton aikau, domin "an" ba ya yarda a kira sunan mai aikin. Duk ɗalibin da ya mayar da "The goat was slaughtered by Musa" zuwa "an yanka akuya da Musa" ya haɗa Musa cikin yankan, kuma dariyar da ajin kan yi ta fi dogon bayani amfani. Bahaushe cewa zai yi "Musa ne ya yanka akuyar". Akwai kuma aikatau masu ƙarewa da wasalin u, waɗanda masanin nahawun Hausa Parsons ya sa a giredi na 7 a rabe-raben aikatau da ya yi a 1960, irin su "nama ya dafu" da "mota ta gyaru". Ba na dogaro da su sosai, saboda suna ɗauke da ƙarin ma'anar cewa aikin ya yi kyau.

Babbar wahalar tana ga siffa ta uku ta aikatan Turanci marasa bin ƙa'ida, irin su "taken" da "caught", wadda ke haifar da kurakurai irin su "was took" da "was catched". Wannan sai da maimaici, don haka nakan ware mata minti 10 daga cikin 40 na darasi. Kafin jarrabawar BECE ta ƙarshen aji 3, dole kuma su san cewa aikatau ƙi-karɓau, wato wanda ba ya ɗaukar karɓau, ba ya shiga wannan tsari na "passive", in ba haka ba za su ci gaba da rubuta "The accident was happened".