Kyarkecin ƙasar Larabawa

Jiya da dare muna zaune ƙofar gida nan Mabera ana hira saboda zafi ya hana kowa shiga ɗaki, sai ƙanena ya jawo ƙissar Annabi Yusuf, wai shi wane irin kyarkeci ne 'yan uwan sunka ce ya cinye shi? Ni dai tun muna makarantar allo nike zaton wani ƙaton abu ne kamar kura. Ashe wanda ke yankin Larabawa ɗan ƙarami ne, yana cikin mafi ƙanƙanta a dangin kyarkeci, nauyinshi kilo 20 ko kusa da haka, wani karen farauta ma ya yi shi.

Jikinshi siriri, gashi gajere ruwan ƙasa da ɗan toka-toka, amma kunnuwan hwa manya ne, da su yake rage zafin jiki, wallahi da ana aron kunne da mu Sakkwatawa mun ara watan Afrilu. Yana zama cikin duwatsu da bakin hamada a Saudiyya, Yaman, Oman da Jodan, kuma ba su yin babban garke irin na Turai, biyu ko uku ko huɗu ne ke yawo tare don abincin bai da yawa.

Cin nashi babu zaɓe. Zomo, ɓeraye, barewa in ya samu, mushe, har bola yake tonawa kusa da ƙauye. In ya faɗa ma awaki kuma shi ke nan, makiyaya su harbe shi ko su sa mai guba, shi ya sa sunka ragu sosai.